Tambayar da likita ya yi min a Al Muntazah

Tafiyar nan ta ba ni wuya. Gwiwa ta kumbura a jirgi, sanyin na'ura ya kama min ƙirji, ni da na saba da zafin shagon kafinta na gidan yari, inda na shekara ashirin ina koya wa fursunoni aiki.

Mun tashi da asuba daga Kano. Ɗana direba ne a Doha, shi ya aiko da tikiti, shi ya tarbe ni ya kai ni unguwar Al Wukair. Titi sumul, ba rami ko ɗaya, amma da rana ba ka ganin mai tafiya a ƙasa. Shayinsu karak riyal ɗaya ne, sukarin kamar da gayya. Shinkafa da rago kuwa, a kwana na uku tuwo nake nema.

Ranar Juma'a muka ci abinci a unguwar Al Muntazah da wani likitan ƙwaƙwalwa, Bakatsine. Ya tambayi aikina, na faɗa masa ba ɓoye-ɓoye: duk wanda aka ɗaure kan fyaɗe, tsintsiya nake ba shi, ba ya taɓa min kayan aiki. Ina da 'ya'ya mata. Akwai ma wani irinsu a shagona, saura wata biyar ya fita.

Likitan ya ce, "Baba, in ya fita ina zai koma?"

Na ce unguwarsu.

"Da me a hannunsa?"

Ya ce ba yafiya yake nufi ba. Dole mutum ya amsa laifinsa, a sa masa ido. Amma masu gyaran irinsu yanzu ba "kar ka sake" kaɗai suke ce musu ba, suna neman abin da mutum ya iya su ɗora shi a kai. Mai sana'ar da yake tsoron rasawa ya fi riƙe kansa. Na ce wannan zancen 'yan boko ne. Ɗana ya ce, "Halas, ya isa haka, Baba, ci abinci."

A jirgin dawowa na auna maganar. Tsintsiyata ni take sanyaya wa rai, ba ta kare yarinya ko ɗaya a unguwar nan ba.

Na iso gida ranar Lahadi. Washegari a shago na kira fursunan nan da ya kusa fita, na tambayi abin da ya iya. Ya ce ya taɓa rufin ɗaki. Na miƙa masa zarto da katako. Ya yanka a karkace, na ce ya sake.