Kawu da Tukwanen Inna

Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya yi shekaru a Legas yana buga ganguna a wata ƙungiyar masu jita, irin kiɗan nan mai ƙara da ake kira rok. Da ƙungiyar ta watse sai ya dawo Boɗinga da sandunan ganga biyu a jaka, kunnensa na hagu kuma ya rage ji. Lokacin ina koyarwa a Shagari, duk Juma'a nake zuwa gida.

Bai sake neman abokan kiɗa ba. Sai ya shiga tara tarkace a bayan ɗakinsa: tsohuwar galma, fasasshen tulu, gwangwani, masaki da ya kife cikin ruwa. Shi kaɗai yake bugawa, wani lokaci ya yi shiru har ka ce ya gama, sannan ya taɓa galma sau ɗaya. Yana ɗauka a waya ya tura wa wani tsohon abokinsa, har aka ce akwai masu saurare a ƙasashen waje. Inna, mahaifiyata, ba ta yarda ba. Takan ce kiɗan da ba waƙa ba rawa, ai ɓarnar tukwane ce.

Wata damina ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Na ɗauki hutu na zo jinya. Wata la'asar, zaman ɗaki ya ishe ta, ta ce in kira Kawu ya zo da kayan ɓarnarsa. Ya zo da tulu kaɗai, ya zauna bakin ƙofa yana taɓa shi da yatsu, a hankali, yana karkato kunnen dama. Inna ta lumshe ido, na ɗauka barci ya kwashe ta.

"Wanga awa dakan matan garin Lambara ne," in ji ta, "amma ka cika sauri. Mata ukku ba su sakin taɓarya haka."

Kawu ya ce ta nuna masa. Ta riƙa buga gefen gado da tafin hannu, yana bi, tana gyara masa, har aka kira magariba.

Bayan ta warke ba ta daina kushe kiɗan ba. Sai dai ran da tukunyar miyarta ta tsage, na ɗauka zan jefar, ta hana ni. Ta ƙwanƙwasa ta da zobe, ta saurara, ta ce in kai wa kawuna.