Ruwan da 'yata ta ƙi sha a hannuna

Shekarun baya, muna zaman haya a Gada Biyu, gudawa ta kama 'yata ta fari, lokacin ko shekara biyu ba ta cika ba. Na kai ta asibiti da safe. Nas ta ba ni garin gishiri da sukari da ake kaɗawa a ruwa, ta ce, "Ki yi ta ba ta kaɗan-kaɗan. In har la'asar ba ta yi fitsari ba, ki dawo da ita mu yi mata ƙarin ruwa."

Muka dawo gida, yarinya ta datse haƙora. Na gwada kofi, na gwada cokali, har waƙa na yi mata, ni da ko a gidan biki ba na buɗe baki. Duk abin da ya shiga sai ta furzo min shi a fuska. Leɓenta ya bushe, ido ya fara faɗawa, in ta yi kuka ba hawaye. Na duba nafkin ya fi a ƙirga, a bushe yake ƙamas.

Ana cikin haka maƙwabciyata ta dawo daga Laranto, inda take suyar ƙosai. Bayarabiya ce, dattijuwa, kowa Iya yake ce mata, kuma wajenta nake barin yarinyar in zan tafi makarantar da nake koyarwa. Ta leƙo, ta gan ni na danne 'ya tsakanin cinyoyina da cokali a hannu.

"Haba Malama! Ba haka yana sha ba. Kawo shi."

Raina ya sosu, ni da na haife ta za a gaya wa yadda take sha? Amma yarinyar ta riga ta miƙa mata hannu. Iya ta saɓa ta a baya, ta ɗaure da zane, ta ɗauki tsintsiyata ta hau share min tsakar gida kamar ba abin da ke faruwa. Can ta ce in zuba mata ruwan a kofi. Ta kurɓa, sannan ta miƙa shi baya ta ƙarƙashin hammata, ko waiwayawa ba ta yi ba.

Wallahi sai ga 'yar nan ta kama kofi da hannu biyu tana sha.

Ashe haka suke yi kullum a bakin kasko: Iya ba ta da lokacin lallashi, in ta sha sai ta miƙa wa ta baya. Ni kuwa uwa guda ban taɓa sani ba. Na yi murna, amma kishin da ya turnuƙe ni ya kusa fin murnar. Na ce a ba ni in gwada. Na goya ta, na kurɓa, na miƙa. Ta ture kofin, ta juya tana kiran Iya.

Dole na mayar da ita, na koma 'yar zuba ruwa. Ana gab da kiran la'asar Iya ta tsaya cak, ta shafa ƙugunta, sai ta fashe da dariya. "Malama, ya yi! Ya jiƙa ni!" Har da 'yar rawarta.

Na yi hamdala, hawaye na zuba. Amma can cikin raina cewa nake: fitsarin da na wuni ina roƙon Allah a kansa, shi ma a bayan wata aka yi shi.

Da Iya ta kwance zanen za ta wuce da shi, na riƙe gefensa. "Iya, ki bar min in wanke."

"Kai, bar shi, ba komai."

"Don Allah, Iya. Ko wannan dai a bar min."

Ta dube ni, ta sakar min zanen.

Yau yarinyar tana sakandare, ta fi ni tsawo. Na san Iya ta yi min abin da ba zan iya biya ba, kuma kullum tana cikin addu'ata. Sai dai in ce kishin ya tafi, na yi ƙarya. Duk hutu, kafin ta gama sauke jaka take tambayar yaushe za mu je gaida Iya, ni kuma in ce mata ta ci abinci tukuna.