Sawun Da Ya Karɓi Ɗingishina

Jama'a, wannan abu da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. Shekarun baya ne, lokacin ina da shagon ɗinki a Sabon Garin Wudil, da kekena irin na takawa da ƙafa.

Tun da na gurɗe a bakin kwata idon sawuna na dama ya ƙi lafiya, wata bakwai ana abu ɗaya, mai ɗori ya ja, an shafa man zafi har fata ta saɓule, amma in na taka feda minti goma sai hawaye. To telan da ba ya taka keke me zai kai gida? Ga azumi ya matso, masu ɗinkin Sallah sun fara kwashe yadinsu suna kai wa maƙwabcina. Gaskiya na tsorata.

Daga ƙarshe aka tura ni wajen wata likitar gashin ƙashi. Ta murza, ta lanƙwasa, ta koya mini jan tafin ƙafa da tawul, sannan ta ce, "Malam, tsoron ƙafar kake, shi ya sa ba ka sauke dunduniya. Kullum da safe ka je bakin kogi, ka share yashi ya yi sumul, ka taka ba takalmi, ka waiwaya ka duba sawunka. Ranar da dunduniya ta fito sosai, ka zo ka gaya mini."

Haka na riƙa yi da gari ya waye tangaran. In share da reshen dalbejiya, in taka, in waiwaya. Sawuna na dama abin tausayi, yatsu kawai, kamar na ɓarawon kaji.

Rana ta uku na waiwaya, sai na ga sawu biyu a jere, nawa da na wani, a damata, dab da ni kamar mai riƙe da kafaɗata. Sawun babban mutum ne, lafiyayye, dunduniya a zaune daram. Ni na share wurin nan da hannuna fa! Masunta suna can nesa a kwalekwalensu, ba kowa kusa. Na yi ta'awwuzi, amma abin mamaki ban ji tsoro ba, don haka washegari na koma, wanda ciwo ya isa ba ya zaɓen abokin tafiya.

Kullum yana nan. Sai a sati na biyu na lura da abin da har yau yake tsaya mini a rai: dunduniyata tana ƙara fitowa, tasa ta dama tana ɓacewa. Ana saura kwana biyu azumi sawuna ya fito cif, na tsaya da ƙafa ɗaya ban ji komai ba. Nasa kuwa yatsu kawai, ga alamar jan ƙafa, ya rabu da nawa ya gangara har cikin ruwa.

Kunya ta kama ni. Na ce, "Sannu bawan Allah, Allah ya ba ka lafiya."

Da na ba likita labari, dariya ta yi ta ce, "Ni sawunka na ce ka duba, Malam, ban aike ka duba na wani ba. Motsa ƙafar ne ya warkar da kai." Wataƙila ta fi ni gaskiya. Na yi ɗinkin Sallah har na mayar da wasu, na kuma koma bakin kogin ya fi sau goma ina sharewa, ban sake ganin sawun ba.

Shawarata, in likita ta ba ku motsa jiki ku yi, yana aiki. Amma in kun je inda ba kowa, ku yi sallama tun ranar farko, kada ku yi irin tawa. Kwana ashirin muna jerawa da shi, ban ce masa sannu ba sai da ya tafi da ɗingishina.