Ranar da Na Tambayi Kwamfuta Ko Yayana Yana Nan

A ofishinmu na Gusau, mu biyu ne ke riƙe da rajistar ma'aikata ta kwamfuta, ni da ogana, wani dattijo da magana ke yi wa wuya. Kowane ma'aikaci yana da asusun shiga a ciki, har na rassanmu na Tsafe da Bungudu. Doka ce, da zarar shugaban reshe ya aiko da labarin rasuwar ma'aikaci, a take ake goge asusunsa don kada wani ya shiga da sunan mamaci. Oga ba ya ɗaga ƙafa a kan wannan.

Da na gaji da laluben sunaye ɗaya bayan ɗaya, sai na rubuta 'yan layukan umarni. Ka ba kwamfuta suna, ta duba rajista, ta amsa da "akwai" ko "babu". Na cika baki a kan abin nan har aka gaji da ni. Nakan ce mutane ne ke kwana-kwana, ita kuwa ba ta san kara ba.

Wata Talata da hantsi baffana ya kira ni daga Furfuri. Yayana, mai kula da sito a reshen Tsafe, kwanansa huɗu a gida yana fama da zazzaɓi.

"Ka taho gida," in ji Baffa, "jikin yayanka ya matsa."

"Baffa, mi ya hwaru? Ba ni shi mu yi magana."

"Ya samu barci. Kai dai ka taho, kuma ban da gudu bisa hanya."

Ni kaina na taɓa gaya wa wani irin wannan maganar alhali ana haƙa kabari. A wurinmu ba a gaya wa mai tafiya mutuwa sai ya iso lafiya. Na kira matar Yaya, ba ta ɗauka ba.

Sai na tuna cewa in abin ya faru, shugaban reshen Tsafe ya riga ya sanar da oga, oga kuma ya riga ya goge. Na jawo kujera na rubuta sunan Yaya. Yatsana ya ƙi dannawa. Tsoro nake ji ƙwarai, oga kuma yana can teburinsa ya duƙufa kan wata takarda. Na yi bisimilla na danna. Layin intanet ya yi ta jan ƙafa.

Akwai.

Sau uku ina maimaitawa, sau uku tana ba ni amsa ɗaya. Na miƙe ina hamdala, na ɗauki makullin babur. Oga ya miƙo hannu ya karɓe, ya ce direba zai kai ni. Da ina cikin hayyacina, da nan na gane.

Tun daga bakin gari na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, da butoci a jere. Bayan asuba ya cika. Ni kaɗai ake jira a sallace shi.

Bayan kwana bakwai na koma aiki da haushina. Ko zama ban yi ba na ce, "Ranka ya daɗe, ashe saƙon Tsafe bai iso ba rannan?"

"Ya iso tun da sahe," ya ce, bai ɗago kai ba. "Na san dubawa za ka yi."

Ya ce bai taɓa asusun ba, in na shirya in goge da hannuna.

Sai bayan la'asar na iya. Da na gama, na sake rubuta sunan Yaya na danna, ta ce babu. Nan kukan da ban yi a Furfuri ba ya zo mini.