Yadda Kwamanda Ta Kai Kofur Wurin Likitan Ido

Ba ta taɓa riƙe bindiga ba, amma duk unguwar Kwamanda ake ce mata. A barikin soja aka haife ta, a can ta yi wayo, a can ta yi aure, sai da mijinta ya rasu ta kwaso keken ɗinkinta ta kama shago a bakin titi. Shagon nan kuwa in ka shiga sai ka rasa inda za ka sa ƙafa. Ga yadudduka a rataye, ga keken guragu biyu a naɗe bayan ƙofa, ga dogon bencin da tsofaffin sojoji ke wuni a kai suna musu, kowa ya fi kowa sanin yadda aka yi yaƙi.

Ita ta haɗa 'yan sa-kai na unguwar: direban tasi mai kai tsofaffin asibiti kyauta, da wanzami mai binsu gida-gida, da wata malamar makaranta da ke cike wa iyalansu takardu. Ita kuwa aikinta sanin halin mutanenta. Takan ce, "Tsohon soja ko ƙafarsa ce ta guntule, ka tambaye shi, lafiya lau zai ce maka."

Wata safiya 'yar wani tsohon Kofur ta shigo shagon, idonta ya yi ja.

"Gwaggo, Baba ya kusa makancewa. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya kama hanya. Likitan idon da ke zuwa sau ɗaya a shekara saura kwana huɗu ya tafi, Baba kuwa ya ce ba inda za shi."

Ashe direba da malama sun riga sun je. Suna shiga suka ce, "Sannu bawan Allah, mun zo mu taimaka maka." Ai kuwa Kofur ya lalubo sandarsa, da ƙyar malama ta fito da takalminta. Kwamanda ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Kun kwafsa. Wa ya ce muku ana tausaya wa soja a gaban idonsa?"

Ta yafa gyale ta tafi da kanta. Ta tarar da shi zaune a bakin gado, zanin gadon a miƙe ba ko lanƙwasa, takalmansa na ƙyalli a ƙarƙashi duk da ba ganinsu yake ba. Tausayinsa ya kama ta ƙwarai, amma ta haɗiye.

"Kofur, aiki ya samu."

Nan take ya gyara zama. "Ina jin ki, Kwamanda."

"Saje ne, na bayan kasuwa. Idonsa ya lalace, ya ƙi zuwa asibiti. Mutumin da ya haye kogi da harsashi a kafaɗa, wai allura yake tsoro. Ina neman wanda zai raka shi, kuma ba zai ji maganar farar hula ba."

"Saje? Tsoro? Gobe ƙarfe bakwai a turo mota."

Daga nan ba ta zame ko'ina ba sai gidan Saje, wanda shi ma da gaske idonsa ya yi yana. Ta karanta masa irin wannan karatun, sai dai a can Kofur ne matsoracin.

Washegari direba ya kwashe su, kowa na riƙe da hannun ɗan'uwansa yana ba shi baki. A asibiti ma'aikaciyar jinya ta ce, "Wanne za a duba?" Su duka biyun suka nuna juna. Kwamanda ta matso ta raɗa wa Kofur, "Sai fa ka fara shiga ya ga ba komai, in ba haka ba guduwa zai yi."

Kofur ya miƙe ya ce, "Saje, zuba ido ka ga yadda maza ke yi." Saje ya ga na ƙasa da shi a muƙami zai kunyata shi, shi ma ya bi layi.

Ranar da aka cire bandeji bayan an yi musu aikin idon, Kofur ya daɗe yana kallon 'yarsa. Can ya ce, "Ke kuma yaushe kika fara furfura?" Ta fashe da kuka tana dariya.

Sannan ya juyo wurin Kwamanda. "Kin ɗauka ba mu gane ba? Tun a mota ni da Saje muka haɗa labari."

"To me ya hana ku juyawa?"

Ya shafa gwiwarsa ya ce, "Shekara goma sha ɗaya rabon da wani ya ce yana bukatata. Kawo sunayen waɗanda ba su je ba, saura kwana ɗaya likitan ya tafi."