Duna da Maganin Awaki

Yayana ba ya tambaya. Shekara talatin yana kiwon awaki a bayan gidanmu, bai taɓa ɗora dabba a sikeli ba. Ɗaga akuya yake yi ya ji nauyinta a hannu, ya ja maganin tsutsa a sirinji ya ɗura mata. Ka yi magana ya ce yaushe ka fara kiwo.

To amma Duna ba akuya ba ne. Baƙin kare ne ɗan tsamurmuri, kuma shi ke tsare mana Inna. Tun da tsufa ya fara taɓa mata tunani, takan buɗe ƙofa ta miƙi hanya, wai za ta gidan mahaifinta da aka rushe tun ba a haife ni ba. Duna ke bin ta. Da ta kai bakin babban titi sai ya sha gabanta, ya yi ta haushi har wani ya fito ya dawo da ita.

Da karen maƙwabcinmu ya mutu, aka ce tsutsar zuciya ce, wadda sauro ke sa wa karnuka, hankalin Yaya ya tashi. Wani ya ce masa ai maganin awakinsa ma yana hana ta. Bai tsaya jin nawa ake bayarwa ba. Ya ɗaga Duna, ya ce nauyin ɗan akuya ne, ya ja maganin, ya ƙara kaɗan wai don ƙauna, ya ɗura masa.

Kafin yamma Duna na tangaɗi, miyau na zuba. Ya yi karo da bokiti, idonsa a buɗe. Muka naɗe shi a buhu muka yi asibitin dabbobi a guje.

Likitar ta duba kwalbar maganin, Yaya ya nuna mata da farce inda ya ja a sirinji. Ta ce abin da kare ke buƙata bai kai ɗigo ba, shi ma sai an gwada jininsa tukuna. Ta sa wa Duna ruwa ta ce mu bar shi.

"Likita, zai tashi?" in ji Yaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

Ta ce ba za ta yi mana alkawari ba.

A bakin asibitin na tambayi Yaya ko ya kulle ƙofar gida. Ya kalle ni, na kalle shi. Ban san ina da gudu haka ba.

Muka tarar da Inna a bakin babban titi, ƙafa ɗaya a kan kwalta, manyan motoci na kaɗa mata mayafi. Ba titin take kallo ba, baya take ta waiwaye.

"Ina karen nan?" ta ce. "Tun ɗazu nake jira ya hana ni."

Yaya ya riƙe hannunta da hannu biyu.