Rariyar Lambobin Waya

Kakar da muka samu masara da yawa, har rumbu ya kasa ɗauka muka jera buhuna a zaure, ita ce kakar da babbar 'yata ta samu aikin kwamfuta. Daga gida take yi, nan Funtuwa. Ta kan shimfiɗa tabarma gindin darbejiyar tsakar gida, ta ɗora kwamfutar kan kujerar tsuguno. An ce mata gwaji ne na wata ɗaya, in ta yi kyau a riƙe ta.

Ni karatuna na yaƙi da jahilci ne, sai da na yaye na huɗu na shiga aji. Ina karanta Hausa, ina rubuta lamba. Amma in na ga abin da ban gane ba, raina ba ya barina in wuce.

Wata ranar Laraba da hantsi ina tankaɗe, na lura ta yi tagumi. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta.

"Ke, lafiya?"

"Inna, sun sake dawo mini da shi. Karo na biyu ke nan. Wai bayanina bai isa ba. Jumma'a ce ta ƙarshe."

Na ajiye rariya na matso. A fuskar kwamfutar akwai wani layi mai cike da baka-baka da ɗigo da sanduna, kamar kaza ta taka tawada. Na ce wannan wane yare ne. Ta yi dariya, ta faɗi sunansa da Turanci, bai zauna mini ba. Ta ce wani ɓangare ne na manhaja, wasu ne suka gina shi. Ana ba shi siffar abin da ake nema, a zuba masa rubutu, shi kuma ya tsamo duk abin da ya dace da siffar. Nasu an saita shi ya tsamo lambar waya daga saƙonnin da manoma ke aikowa don a yi musu rajistar iri. Aikinta kawai ta rubuta bayani, yadda mai haɗa manhaja da bai taɓa ganinsa ba zai san abin da zai ba shi da abin da zai samu.

"Ashe rariya ce," na ce.

"Kusan haka, Inna."

"To me kika rubuta?"

Ta fassara mini. Ka ba shi saƙo, ya ba ka lambar da ke ciki. Ta kawo misali uku, duka ya samo. Ni dai ban ga aibu ba, amma ina so in gani da idona. Na ce ta bar ni in gwada. Ta turo mini kwamfutar tana cewa, "Hajiya injiniya, bismilla."

Da yatsa ɗaya na rubuta lambata, a hankali, yadda malamarmu ta koya mana: huɗu, ka bar fili, uku, ka bar fili, huɗu, don kada ido ya ɓace a tsakiya. Ta danna. Babu abin da ya fito.

"Ya lalace?"

"A'a, filin da kika bari ne. Shi a haɗe yake son su, goma sha ɗaya reras."

"To ai duk 'yan ajinmu haka muke rubutawa. Babanki ma, da mutanen gonarsa na wajen Dandume."

Ta ce wannan ba laifinta ba ne, ba ita ta gina shi ba, kuma ba a ce ta gyara ba. Na ce na ji. Amma da bai samu ba, me ya ce? Ta ce ba ya cewa komai, hannu wofi yake dawowa. Na ce, shi wanda zai karanta bayaninki ya san haka?

Na nuna mata rariyoyina biyu da ke rataye a bangon madafa. Shekarun baya wata amaryar maƙwabta ta zo aro, na miƙa mata mai faɗin ido ban ce komai ba, don ni na san halinta. Ta tuƙa wa surukanta tuwo duk tsaki. Tun daga ranar, in zan ba da aron rariya, sai na faɗi abin da take bari ya wuce da abin da take riƙewa.

'Yata ta jawo kwamfutar. Har la'asar tana kirana. "Inna, in ke ce, ya kuma za ki rubuta?" Na ce wani zai sa ɗan layi tsakani, wani zai manta sifilin farko, wani zai aiko lamba biyu, tasa da ta ƙaninsa, saboda wayarsa ba ta cika samun caji ba. Kowanne ta gwada. Na lamba biyun ya ba mu mamaki: ta farko kawai ya ɗauko ya tsaya, sai an ce masa ya ci gaba. Ita ma ba ta sani ba. Duk ta rubuta, wanda ya kama da wanda ya kubce masa, da abin da yake dawowa da shi in bai samu ba. Tuwon ranar a makare muka ci.

Ta aika ranar Alhamis. Jumma'a bayan an sauko masallaci, ina gyaran wake, ta fito daga ɗaki ba ko ɗankwali ta ce an karɓa, an riƙe ta. Wai har shugabansu ya tura wa maginan maganar filin nan su duba.

Na ce ta nuna mini wurin da ta sa misalin lambata a bayanin. Ta sauya lambar da wata ta ƙarya, amma ga filayena nan guda biyu a tsakiyar Turancin. Su kaɗai na iya karantawa a shafin. Na tambaye ta ma'anar wata alama mai kama da tauraro da na gani a layin nan mai baka-baka, ta ce in gama da waken tukuna.